Kwatancen Kaka a Ƙarƙashin Tafki

Tun da ruwa ya haɗiye tsohon birni, masu binciken tarihi suka killace tafkin, sau ɗaya a shekara ake ba kowane gida izinin nutso. Bana Talatuwa ce ta sauka, tukunyar iska a bayanta, muryar kakanta Malam Barau a kunnenta ta na'urar magana. Shi yana sama cikin kwalekwale, ƙirjinsa ba zai jure nutso ba. So yake ta nemo kabarin matarsa, ta tsaya a kansa ta yi mata addu'a.

"Kin ga tsamiya? Daga nan ki yi dama."

"Kaka, babu tsamiya. Kututture ne ko'ina."

"To bi layin da Iya Kande ke suyar ƙosai."

Talatuwa ta runtse ido don takaici. Ginin ƙasa duk ya narke, 'yan katangun da suka rage sun yi kore, kowace an rataya mata lamba.

"Don Allah, Kaka, gabas ko yamma? Iskata ta kusa ƙarewa."

"Ke dai ba ki da kai! Bayan gidan Sarkin Aska, mai akuyar nan da ke cin sabulu. Ko yaro ya sani."

Agogon hannunta ya fara ƙyafta ja. Ta tsaya a mararraba, hanya ta rabu uku, wata tarwaɗa na fitowa daga wani zaure.

"Na ɓata, Kaka. Dole in hau."

Ta ji ya ja numfashi. Ya ce a hankali, "Haba amaryar Kaka, ki ɗan tsaya ki tambayi wani mana."