Baba Ya Dawo Ba Ɗingishi

Mutanen unguwar su Kubura ba su rasa abinci ba, ba su rasa wuta ba. Abin da suka rasa shi ne fim mai sa kuka, domin sababbin allunan kallo suna duba fuskar mutum, da sun ga ido ya ciko sai su gyara labarin.

Kubura 'yar aji biyar ce. Ta haɗa gajeren fim da hoton da ta ɗauka a waya ranar da babanta ya rasu a hatsari. A ciki yana fita da ɗingishinsa, daga nan sai ƙofa kawai. So take kakarta, Iya Tabawa, ta yi kukan ɗanta, ko ta daina ajiye masa tuwo.

Ranar nuni a makaranta ta zaunar da ita a gaba.

"Iya, don Allah ki ɗaure fuska har ya ƙare."

"Ji 'yar nema! Fuskar tawa ma ke za ki koya mini riƙonta?"

A allon, Baba ya fita. Idon Iya ya ciko. Sai ga shi ya dawo da rake a kafaɗa, yana taku daram, ba ɗingishi.

Jama'a suka yi tafi. Iya ta share ido tana dariya.

"Kin gani? Har ƙafar ta warke! Tashi mu je in ɗora tukunya."

Kubura ta gane cewa a gidansu ita kaɗai ce ta san Baba ya rasu.