Koren Zare a Hannun Tasalla

Shekara goma sha ɗaya amosanin gaɓɓai yana nannaɗe yatsun Tasalla, har ta bar wankan gawar da aka san ta da shi a unguwa. Likitoci sun ce dakarun jininta ne suka juya suna yaƙar gaɓoɓinta. Da sabuwar allura ta zo, wadda ke kai wa dakarun ɗan saƙo su kwanta barci, sai yatsun suka miƙe. Amma duk wanda aka yi wa, sai an ɗaura masa koren zare na kwana arba'in, domin jikinsa ba mai gadi, ko mura tana iya kai shi kushewa.

A kwana na tara da ɗaura wa Tasalla zaren, zazzaɓi ya ɗauke yayarta Uwani.

Barira, 'yar Tasalla, ta tare ta a ƙofar ɗakin da gawar take. "Inna, zaren."

"Don Yaya na yarda aka yi mini allurar nan, Barira. Ta ce kada baƙon hannu ya wanke ta, na kuwa yi mata alkawari."

"In kin shiga, gawa biyu za mu wanke."

Tasalla ta dubi yatsunta, ga su santala-santala, ba ciwo ko kaɗan. Ta zagaya bayan taga, inda take jin zubar ruwa.

"Ku fara da dama," ta ce wa matan da ke wankan. "A hankali wajen kafaɗa, wurin yana mata ciwo."

Barira ta leƙo. Hannayen uwarta suna ta wanke iska, kuma da suka zo wajen kafaɗa, suka sassauta.