Tambayar Alƙali a Kan Halidu

Jandarmomi suka shigo da Halidu gidan shari'a na Yamai, rigarsa duk laka. Ƙato ne mai gemu, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne. A lambun wani minista aka same shi, yana wasa da ruwan famfo.

Da ya hango Habsatu a benci sai ya washe baki. "Yaya, kin kawo fura?"

Ba ta dube shi ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don ɗakin cike yake da fataken Tawa, mutanen garinsu, da suka zo wata shari'ar.

Tafinta ya bayyana dokar sabuwar gwamnati: baligin da ba ya iya riƙe kansa, in ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwan da zai tsaya masa, hukuma ce za ta ɗauke shi ta ajiye. Hauwa, tsohuwar da ta rene shi, ta rasu bara. Tun daga nan Habsatu ke dafa masa, tana wanke masa tufa.

Alƙalin yaro ne, bai daɗe da dawowa daga karatun Dakar ba. Ya sa aka tambayi Habsatu mece ce ita ga Halidu. Ta ce gida ɗaya suke. Aka ce ta faɗi sunansa. Ta dubi ƙasa. Aka sake tambaya, bakinta ya ƙi buɗuwa.

"Baba, ɗanki ne?" in ji tafinta.

Ta ji idanun fataken a bayanta.

"Ɗan mutane ne," ta ce.

Alƙali ya ce maƙwabciyar da ko sunan mutum ba ta sani ba, ba za a danƙa mata shi ba. Ya yanke hukunci hukuma ta ɗauke shi. Fataken suka sunkuyar da kai.

A bakin ƙofa Halidu ya hau motar hukuma da murna, bai taɓa shiga mota ba. Yana ɗaga mata hannu har suka sha kwana.

Habsatu ta buɗe baki don ta kira shi, sunan ya ƙi fitowa. Tarbiyyar gidansu ke nan: macen kirki ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma cewa nata ne a gaban jama'a.