Mai Gwaji da Waken Taimako

Tunda kai ma abincin jama'a zai riƙa bi ta hannunka, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mutum, aikinsa gwada abinci kafin a sake shi ga mutane. Wata shekara ruwa ya ci wasu ƙauyukan bakin kogi, mutanensu suka koma kan tudu, ba rumbu ba gona. Aka tara musu buhunan wake na taimako, aka kawo masa ya duba, don 'yan kasuwa kan zuba wa wake maganin ƙwari a ajiya. Ya gwada da na'urarsa, ya sake gwadawa. Maganin yana nan, amma saura ƙiris ya kai iyakar da doka ta hana a wuce. Sa hannu kawai ya rage. Rana ta take, fanka tana juyawa a hankali, gyangyaɗi ya sace shi. Sai ya ga waken yana kwarara daga buhu kamar rafi, yana tafiya har tudun, yana zuba cikin ƙananan kwanuka, kowane kwano da ɗan hannu a bakinsa. Ya farka, ya ajiye alƙalami. Ya tuna cewa iyakar nan don ƙaton mutum aka yanke ta, mai cin wake yau, gobe tuwo, jibi shinkafa.

Washegari ya shiga kwalekwale. Ruwa kwance kamar tabarma, zangarniyar dawa tana leƙowa daga ciki, balbelu sun yi layi a kan rufin gidajen da suka nutse. A tudu ya tarar da yara masu siraran wuya da mata masu ciki, waɗanda ba abin da za su ci safe da yamma sai wannan wake. In ya hana, yunwa. In ya saki ya yi shiru, ba mai tuhumarsa. Ya tara matan, ya ce, "Iyayena, ga abin da ke cikin waken nan, ba zan ɓoye muku ba." Suka yanke shawara tare: a shanya, a jiƙa, a zubar da ruwan, manya su ci. Shi kuwa ya koma gari ya yi ta zarya a ofisoshi, ana masa kallon mai neman fitina, har aka aika wa yara da masu ciki gero. Da ruwa ya janye, mutane suka gangara gida da 'ya'yansu a goye, ba su bar kabari ko ɗaya a tudun ba.

Na'urarsa ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta ga mai ci ba. Ai tuni magabata suka faɗa: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.