Gurbin da Ya Bar Mata

Ta same shi a ɗakin kotun gwaji na tsangayar shari'a, yana ninke baƙar rigar lauyoyi. Ko sallama ba ta yi ba.

"Da gaske ne ka janye?"

Ya ɗago da ɗan murmushi. "Mai Shari'a, zauna mana."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan! Gurbi ɗaya tak aka bayar na karatu a ƙasar waje. Kai ka zo na ɗaya, ni ta biyu. Yanzun nan shugaban sashe ya tare ni da barka, wai saurayina ya sauka domin in tafi."

"Na ga yadda kika ci burin tafiyar nan ne. So ne ya sa."

"So? Ka tambaye ni? Tun shigowarmu nake kayar da maza a ɗakin nan, yau ka mayar da ni mai cin sadaka! Duk ranar da na tsaya gaban alƙali, sai a nuna ni a ce ga wadda aka ɗaga wa ƙafa."

Rigar ta suɓuce daga hannunsa. Ita ta sunkuya ta ɗauka, idonta jawur, ta danƙara masa a ƙirji.

"Koma ka ce ka fasa. Ka tafi, zan jira ka. Amma wallahi in ka bar min gurbin nan, zan hau jirgin, kuma ba wurinka zan dawo ba."