Rabin Ƙwayar Tabawa

Tun da aka fara haɗa wa kowa magani daidai da jininsa, aron magani ya mutu a garinmu. Kwalbar innata Tabawa ma ba ta buɗuwa sai ta ɗora mata babban yatsa.

Ranar kasuwa aminiyarta Lantana ta hayo kwalekwale daga tsallaken kogi, inda har yau motar gwajin jini ba ta leƙa ba. Tun suna amare suke raba maganin duk da ɗayarsu ta samu. Ta zauna tana haki, ƙafafunta a kumbure.

"Tabawa, asibiti sun ce ba su san jinina ba, ba su da abin ba ni. Ɗan sam mini naki."

Na ce, "Inna, likita fa ta ce naki guba ne a jikin wani."

"Ke, rufe mini baki! Lantanar ce wani?"

Inna ta ɗora yatsanta a kan murfin. Kwalbar ta buɗe, na'urar da ke jikinta ta ce da sanyayyar muryarta, "Sannu, Tabawa. Wannan naki ne ke kaɗai."

Inna ta gutsura ƙwayar da haƙori, ta miƙa rabi. Lantana ta yi bismilla ta haɗiye, ta kishingiɗa a tabarma, barci ya ɗauke ta.

Inna ba ta sha nata rabin ba. Ta hana ni kunna rediyo, ta zuba wa zanen da ke ƙirjin Lantana ido.

Can ta taɓo ni a hankali. "Idonki ya fi nawa. Har yanzu yana motsi?"