Murfin Fanteka

Shafa'atu, tun ranar da na shigo gidanki na tarar kin tasa tsohon tiren tagullan nan a gaba da toka da soson ƙarfe, hankalina bai kwanta ba. Ni ba sanin waya na yi ba, kuma kasuwar nan taku da ba rumfa ba tabarma har gobe tsoro take ba ni. Amma kwano kam na san shi. Ki ajiye soson tukuna, in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai irin sana'arki. Gida-gida take bi tana sayen tsofaffin kwanukan jere a hannun tsofaffi, su langa, su kwalla, su tasa, ta wanke, ta ɗauki hotonsu ta sa a waya. Wata rana aka raba gadon wata tsohuwa, magada ba mai son kwanuka, sai ta kwashe ɗan jarinta kaf ta saye su. In sun fita ta miƙe, in ba su fita ba sana'a ta kwanta ke nan. A cikin kayan akwai wata babbar fanteka mai zanen zakara. Bakinta duk ya ɓantare, gindinta ya yi baƙi, ga kuma ɗigon koren fenti a gindin da cikin murfin. Ke ba ki tarar da wannan ba, amma a zamaninmu kowace mace da alamarta a kwano, don in an kai tuwon suna maƙwabta kwanonta ya san hanyar gida. Ko gama sa hoton ba ta yi ba sai ga saƙo daga wata hajiya a can wani babban birni, ta ce a ajiye mata fantekar, kar a kuskura a ba wani, in ta zo mata lafiya za ta duba sauran kayan ma. Matar nan ta yi murna har da guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Daga baya kuma ta zauna ta ƙura wa fantekar ido, sai kunya ta kama ta. Yaya za a ɗora wa babbar mace irin wannan ɓantararren kwano a mota, kamar an raina ta? Ta saɓa mayafi ta ɗauki fantekar sai wurin mai fentin babura. Garin sauri ta bar murfin a gida, dama ta rufe sauran ɗumame da shi. Shi kuwa mai fenti abin da ya iya ya yi: ya kankare, ya goge, ya fesa mata shuɗi mai walƙiya. Zakara ya tafi, ɗigon ya tafi, fanteka ta fito fes kamar tankin sabon babur.

Ta dawo gida tana taku ɗai-ɗai, ta ɗauki hoto ta tura wa hajiyar, har da cewa ta ɗan gyara mata ita kyauta. Ta duba wayar, ta sake dubawa, ta fita ƙofar gida ko sabis ne ya ɗauke. Can sai ga amsa: “Baiwar Allah, ina kika kai mini zakarana?” Ashe uwar hajiyar, Allah ya jiƙanta, tana da irin fantekar sak, a ciki take zuba musu tuwon sallah, ita ma da koren fenti take alama. Tabon nan da baƙin gindin nan su ta gani a hoton farko gabanta ya faɗi. In don sabon kwano ne, ai shagunan birninsu sun fi na kowa. Matar nan ta zauna daɓas, ga ɗaki cike da kwanuka, ga mai saye ɗaya tilo tana shirin kuɓucewa. Ta miƙe ta je ta sha ruwa, idonta ya faɗa kan kwanon ɗumame. Ga murfi nan zaune abinsa, da ɗan zakaransa a tsakiya, da ɓantararren baki, da koren ɗigo a ciki. Ko maiƙon miyar ba ta tsaya gogewa ba ta ɗauki hoto, ta tura tare da ban haƙuri. Hajiya ta kira ta a take, dariya take yi, muryarta kuma da ɗan kuka-kuka. Ta ce a kai mata murfin tasha a ba direba, fantekar kuwa a bar wa mai fenti ya sa mata taya.

To, ke dai bari. Murfi ya isa, hajiya ta rataye shi a bangon falonta, ƙawayenta suka gani, kowacce ta tuna ɗakin uwarta. Kafin wata ya zagayo kwanukan tsohuwar nan sun watse gari-gari, kuma wanda ya fi tabo shi ake fara tambaya. Tun daga ranar matar nan ba ta ƙara kai wa kwano abin da ya wuce ruwa da sabulu ba, in za ta ɗauki hoto ma wajen ɓantarewar take fara haskawa. Shuɗiyar fantekar kuwa tana nan a bayan ɗakinta, agwagi na shan ruwa a ciki, ba wanda ya taɓa ko taya ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.